Ban Ji Ba, Malam

Majidaɗi, Jalingo
Laraba, bayan La'asar

Mamana,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ki, ina kuma roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki zaune lafiya a cikin mota. Allah Ya tsare ku daga sharrin hanya, da direba mai gaggawa, da ramin da ba a gani sai an faɗa. Ya sauke ku Zariya cikin aminci, Ya haɗa ki da mutanen kirki tun daga bakin ƙofa.

Na ce wa Bappanki Sale, mai raka ki, kada ya miƙa miki ita sai kun haye gadar Numan. Na san halinki. Sunan mahaifiyata kika ci, taurin kanta ma ba ki bari ba. In kika karanta ta a tasha, cewa za ki yi a sauke miki akwati. Bara haka aka yi. Takardar shiga jami'a tana hannunki na faɗo daga tsani na gurɗe gwiwa, kika mayar da kaya ɗaki kika ce karatun likita ya jira. Sun yi miki alfarma sun ɗaga miki zuwa bana, kuma ke ma kin san ba za su sake ba. Shekaranjiya ina alwala a bayan ɗaki na ji kina ce wa Goggonki, "In na tafi, wa zai riƙa hau wa Baaba da ruwa tanki?" Maganar nan ta tsaya mini a rai. Shi ya sa zan ba ki labarin ruwan tsakar gidanmu tun daga farkonsa, don kina makarantar kwana aka yi yawancin abin, ni kuma ban iya magana ido da ido ba in ba a gaban allo ba.

Shekarar da aka ba mu jiha, garin nan ya cika da baƙi da sababbin gine-gine. A gaban wani sabon ofis aka yi ruwan ado, irin mai tsartuwa sama ya faɗo cikin kaskon siminti. Ma'aikata suna ce masa fawuntin. Wata rana na ɗauko mahaifiyarki, Dadarki, a babur daga kasuwa muka bi ta wajen, sai ta taɓa mini kafaɗa in tsaya. Ta sauka, ta je bakin shinge, ta rufe ido. Na tambaye ta ko feshi ne ya shigar mata ido, ta ce a'a. Can ta ce, "Kamar na gida." Gida a bakinta Gembu ne, inda rafi ke gangarowa bayan ɗakin mahaifiyarta. Ta shekara da shekaru a zafin Jalingo ban taɓa jin ta yi ƙorafi ba. Kin dai san ta, ba ta roƙon abu. Ko gishiri ne ya ƙare, sai dai ka ji miya salam ka gane da kanka.

Muna isa gida na ce zan yi mata nata. Ai malamin kimiyya ne ni, me zai gagare ni? Na sa aka yi karagar ƙarfe aka ɗora tanki, na binne bututu a ƙasa ya ɓullo tsakiyar kasko, na haƙa wa durom rami a gefe don ruwan da ya zubo ya taru, a kwashe da bokiti a mayar sama. Ba mu da injin, wutar ma ba tsayawa take ba. Tun siminti bai bushe ba na tsaya ina nuna mata da hannu cewa ruwan zai kai rufin madafa. Na sani sarai, don ina koyar da shi, ruwa ba ya tashi ya wuce tsayin inda ya fito. Tankin kuwa ya ɗan ɗara rufin, sai na ce to shi ke nan. Abin da na raina shi ne bututun. Siriri na saya, mai tsawo, na kuma yi masa kwana-kwana don in kauce wa saiwar mangwaro. Kowace kwana tana cin ƙarfin ruwa, jikin bututun ma yana ci. Ranar da na buɗe, ga Goggonki ga maƙwabta na tara, ruwan ya tashi iyakar ƙirjina ya tsaya. Dadarki ta rufe baki da gefen mayafi ta shige ɗaki, don kada in ga tana dariya a gaban mutane.

Ke ma bakinki yana riga hannunki wani lokaci, daga wajena kika samo. Kada ki rubuto mini cewa za ki zo ta ɗaya a aji. Ki rubuto mini cewa kin ci abinci, kin sami ɗaki mai iska, kin gane abin da aka koyar ranar Litinin. In kuma wani darasi ya kayar da ke, ki faɗa mini haka nan, ba zan suma ba. Na kayar da ɗalibai da yawa da yanzu suke tuƙa motar kansu suna wuce ni a babur.

Na sauya bututu, ruwan ya ƙaru. Sai na shiga wani sabon shirme. Na samo zare na ɗaura dutse, na daidaita bakin bututun ya miƙe sak, ba karkata ko kaɗan. Kash! Ruwan da ya tashi, in ya kai ƙarshen ƙarfinsa, ina zai bi? Kan na bayansa yake faɗowa. Sai ki ga ya yi tsiri, ya danne kansa ya durƙushe, ya sake yunƙurowa, ya sake durƙushewa. Dadarki ta ce kamar liman mai gyangyaɗi. Na yi ta zargin iska a cikin bututu, na kwance na ɗaura, na kwance na ɗaura, har ragon layyarmu na shekarar ya tsinke igiya ya kai wa bututun karo. Na bi shi da sanda ina zagi. Da na dawo sai na tarar ruwan ya ɗan kwanta gefe, yana tashi sumul, ya yi baka, ya sauka a gaba ba tare da ya taɓa mai tasowa ba. Har ya fi da tsayi. Na daɗe tsaye da sanda a hannu, rago yana kallona.

Na faɗa miki wannan ne don kina da wannan miƙewar. In kina da gaskiya sai kin kai ta har ƙarshe, a tsaye, a gaban kowa. A can za ki zauna ɗaki ɗaya da 'yan mata daga garuruwan da ba ki taɓa zuwa ba, wata ta ɗauki bokitinki ba ta tambaya ba, wata ta kunna rediyo kina salla. Ki faɗi abin da ke ranki, amma ki jira a ragu ku biyu, ki kuma bar mata hanyar da za ta janye ba tare da ta ji kunya ba. Ni na rasa abokai biyu a ɗakin malamai kan maganganun da har gobe ni ke da gaskiya a cikinsu, kuma gaskiyar ba ta zo gaishe ni ba da na kwanta da gwiwa.

Yanzu ga wanda ya sa na ɗauki biro.

Tsayi ya shiga kaina. Kullum na dawo makaranta sai na tsuguna bakin kasko. Na sa maƙeri a kasuwa ya yi mini kai na tagulla mai ƙaramar huda, na ɗaura a bakin bututu. Ruwan ya yi siriri ya ƙara tashi, don yanzu kaɗan ke gudana a cikin bututu, ƙarfin da ake ɓatawa a hanya ya ragu. Na koma na ce a yi mini wani mai hudoji da yawa, ƙanana kamar na rariya. Wannan kam ya yi kyau, ba ƙarya. Kowane zare na ruwa ya bi nasa baka, na tsakiya suka yi sama, na gefe suka yi nisa, waɗanda suka fita rabi tsakanin sama da ƙasa suka fi kowa nisan sauka, duka suka haɗu suka yi kamar lema. Da hantsi in kika ba rana baya har bakan gizo za ki gani a ciki.

Amma siririn ruwa ba ya daɗewa a haɗe. Yana fita yake tsinkewa ya zama ɗigo, ɗigon kuma in ya yi ƙanƙanta iska ta fi ƙarfinsa. Ba faɗowa yake yi ba, saukowa yake a hankali, duk inda iska ta ga dama ta kai shi. Rabi ba ya komawa kasko. Wata rana Maman Rifkatu ta bayan katanga ta leƙo tana faɗa, "Malam, ruwan ka ta jiƙa mini garin masara! Wannan wane irin damina ne a gida ɗaya?" Na ba ta haƙuri, na faɗaɗa kasko, na ci gaba da abina.

Duk lokacin da na sauya kai sai in kira Dadarki ta zo ta gani. Ta fito da hannunta duk kullu, ta tsaya, ta karkata kai, ta ce, "Ni dai ban ji ba, Malam."

Mamana, kin san abin da kalmar nan take nufi a kunnen malami. Tun ina saurayi nake tsaye gaban aji, Mumuye, Jukun, Fulani, Jenjo, kowa da irin Hausarsa, kuma duk wanda ya ce mini "ban ji ba" nufinsa bai gane ba, in sake bayani. To sai in sake bayani. In ɗauko gawayi in zana mata a kan siminti. In nuna mata yadda ruwa ke rage gudu in yana hawa, yadda yake ƙara gudu in yana sauka, dalilin da ya sa yake yin baka maimakon ya karye. Har tiyo na taɓa jawowa ina ɗaga bakinsa ina saukewa don ta ga inda ya fi nisa. Tana tsaye tana saurare, don ba ta katse miji. In na gama ta ce, "To, useko," godiyarta ke nan da Fillanci, ta koma madafa. Ni kuma in ce a raina, Allah sarki, ba ta yi boko ba, amma a hankali za ta gane. Kin ji wautar ubanki.

Haka muka yi ta yi har ciwon nan ya kwantar da ita. Lokacin kina ajin ƙarshe, muka ɓoye miki tsananinsa don jarrabawa. Ta daina fitowa tsakar gida. Ni kuma na ci gaba da buɗe ruwan da yamma, ina ɗaga mata labule ko za ta hango. Wata ranar Asabar yashi ya toshe hudojin. Na kwance kan tagullar in wanke, na manta ban rufe famfo ba. Ruwan ya ɓulɓulo ta bakin bututu haka nan, mai kauri, bai kai gwiwata ba. Ya taso ya yi tozo a sama, don in ya rage gudu dole ya yi faɗi, ya buɗe ta kowane gefe, ya zubo cikin kasko da nauyinsa, ɓul-ɓul-ɓul. Na miƙa hannu zan rufe don kada a yi ɓarna, sai na ji muryarta daga ɗaki, muryar da ta kwana biyu ba ta fi raɗa ba.

"Malam! Bar shi."

Na shiga da kan tagulla a hannu. Tana kwance ta ba taga baya, ido a rufe. Ta ce, "Yauwa. Shi ne. Yanzu na ji."

Na zauna a bakin gado. Ashe tun ranar da ta rufe ido a gaban ofishin nan, kunne ta kasa. Ƙarar take kewa, ƙarar da ta yi barci da ita tun tana goye. Ni kuwa duk gyaran da nake yi, kashe ƙarar nake. Feshi ba shi da nauyin da zai huda fuskar ruwa. Ruwa mai kauri ne in ya faɗo yake nutsewa da 'yar iska a tare da shi, kumfar nan da ke shiga ƙasa ita ke yin sautin. Wannan ma na san shi a littafi. Na ce mata, "Don me ba ki faɗa mini ba?" Ta buɗe ido ta dube ni ta ce, "Na faɗa." Ta sake rufe ido tana saurare.

Ban sake mayar da kan tagullar ba. Daga ranar har Allah Ya karɓi abarSa ba mu ga wata damina tare ba. Shekarun da take da lafiya, da za ta shimfiɗa tabarma ta zauna tana tsifar kanki tana saurare, na cinye su wajen neman tsayi. Wannan yana mini ciwo har yau, kuma ba na jin zai daina.

Likita za ki zama in Allah Ya yarda. Mutane za su zo gabanki da Hausar da ba a cikinta aka haife su ba, da kunya, da tsoron farar riga. Tsohuwa za ta ce miki zuciyarta na ciwo alhali ciki take nufi. Wani zai ce ya ji sauƙi don kawai kada ya ɓata miki rai. In mutum ya faɗi magana ɗaya sau biyu, kada ki sake masa bayani. Ki ajiye biro, ki tambaye shi me yake nufi, ki yi shiru har ya amsa, ko da shirun ya yi tsawo. Masu kawaici sau ɗaya suke faɗa, in sun matsu su faɗa sau biyu, daga nan sai su ce miki sun gode su tafi da abinsu. Mijin da za ki aura ma, in lokaci ya yi, ki duba ko yana tambaya. Wanda ya iya bayani kawai, kin ga irinsa a gida.

Saura maganarki. Tun da kika dawo gida bayan rasuwarta kika tarar ina buɗe ruwan kowace yamma, ba ki tambaye ni dalili ba. Da na faɗo, kika karɓi bokitin. Kullum bayan La'asar kina kwasa daga durom, kina hawa tsani da zane ɗaure a ƙugu, kina sauka, kina sake hawa, ni ina zaune a kujera. Na ga kantar da ta fito miki a tafin hannu. Na ga ranar da ƙawayenki suka zo daga unguwar Barade za ku biki kika ce su yi gaba. Sau da yawa na buɗe baki zan ce ki bari, sai ruwan ya fara zuba, sai in yi shiru. Ina son jin sa, gaskiyar ke nan. In yana zuba sai in ga kamar tana ɗaki, yanzu za ta yi tari ko ta kira ni. Na bar ki kina ɗaukar wannan nauyi, kuma bai kamata ba.

Dadarki ba ta cikin kaskon nan, Mamana. Tana inda muka kai ta, tana jiran addu'armu. Ita ce ta sayar da 'yan kunnenta na aure aka saya miki littattafan kimiyya, ta hana ni faɗa miki. Da za ta ga kin zauna gida kina hawa tsani saboda ni, da ni za ta yi wa fushi, irin fushinta na rashin magana.

Na san in na ce miki zan sa a riƙa cika mini tankin, ba za ki yarda ba. Za ki kwanta a Zariya kina tunanin ko an zo ko ba a zo ba, ko na gaji da jira na hau da kaina. Kuma da gaskiyarki, zan hau. Saboda haka na je wajen liman na ba masallacin unguwa tankin da karagarsa, sadaka ga Dadarki, a riƙa alwala da shi. Ranar Juma'a da safe matasa za su zo su sauke. Tsanin ma na haɗa musu da shi. Bututun zan toshe, kaskon in cika shi da ƙasa, Goggonki ta ce za ta shuka yakuwa. Na riga na ba da magana a gaban mutane, ba ta dawowa. In kika ce wa direba ya tsaya kika juyo, ba abin da za ki tarar da ke buƙatarki sai tsoho mai fushi, kuma wallahi a ranar zan mayar da ke tasha.

Kada ki ce ba zan ji kewa ba. Zan ji. Gidan zai yi shiru irin wanda ban taɓa sani ba, ba ke ba ruwa. Amma na fi son wannan shirun da in ga kin tsufa a gindin tsani. Goggonki za ta riƙa kawo tuwo, Bappanki yana nan kusa, makaranta ma ba ta sallame ni ba tukuna. In an tafi yajin aiki an rufe muku, ki zo, gidanku ne. In ba haka ba kada in gan ki sai hutu.

Ki riƙe sallarki a kan lokaci. Kada ki sha ruwan da ba ki san daga inda ya fito ba, ki tafasa. Zariya akwai sanyi, bargon Dadarki yana ƙasan akwatinki, ni na sa. Ki rubuto ta hannun direbobin tasha, sun san gidan.

Yanzu kin tafi sallama gidan ƙawayenki, na ga rana ta fara sanyi, kin kusa dawowa. Na san kina shigowa za ki ajiye mayafi ki ɗauki bokiti. Yau ba zan hana ki ba, ba kuma zan gaya miki komai ba. Zan zauna in saurara har tankin ya ƙare. In kin tuna jiya Talata an kira Magariba ban tashi da wuri ba, har kika ce, "Baaba, ko gwiwar ce?" ba gwiwar ba ce, ruwan nake saurare.

Allah Ya yi miki albarka, Ya buɗa miki ƙirji, Ya kare ki a tafiya da zama. Allah Ya jiƙan Dadarki, Ya sanyaya makwancinta. Ki share ido ki dubi hanya, ki gaishe mini da Bappanki.

Mahaifinki,
Malam Hamidu